Kwana Tara a Masaukin Masu Ƙaramin Ƙarfi a Birnin Gotanbag

Jawabin da wani ɗan'uwanmu ma'aikacin gwamnati ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a Jega





Sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa in zo in ba da labarin ƙasar Turai, tunda an ji na leƙa. Na mayar masa da amsa cewa kwana tara kacal na yi, a gari ɗaya kuma, wanda ya yi kwana tara a Maiyama kuwa bai isa ya tashi ya ba da labarin Nijeriya ba. Saboda haka na zaɓi abu guda wanda na san cikinsa da wajensa, wato masaukin da na kwana. Ina roƙon kada a raina wannan batu, domin in an bi ni a hankali za a ga ya shafi Jega da Aliero da Maiyama fiye da yadda ya shafi ƙasar Suwidin.

A watan Nuwamba na 2023 aka tura ni wani kwas na ƙara wa juna sani a kan kiyaye haɗurran mota a birnin Gotanbag. Mu ne muke kiransa haka, su masu garin Yotabori suke cewa. Shi ne birni na biyu a girma a ƙasar, da mutane kimanin 600,000, yana bakin teku ta yamma, daidai inda kogin Yota ya faɗa cikin teku. Sarkinsu Gustab Adolf ya kafa shi a 1621, kuma tashar jiragen ruwansa ta fi kowace girma a ƙasashen arewacin Turai na wannan yanki. A can aka kafa kamfanin motoci na Volvo a 1927, a can kuma wani injiniyansu mai suna Nils Bohlin ya ƙirƙiro bel ɗin mota na ƙafaɗa da ƙugu a 1959, wannan dai da direbobinmu ba sa ɗaurawa sai sun hango jami'an hanya. Malaminmu na labarin ƙasa, wanda nake hangowa a sahun gaba, ya sha zana mana wannan yanki a allo. Malam, Allah ya ƙara girma, na je na gani, taswirarka ba ta yi ƙarya ba.

To, ma'aikatan da ke cikinmu sun san al'adar tafiya waje. Ana yanka maka kuɗin guzuri na kowace rana, wanda muke kira estakod, abin da ka ci ka ci, abin da ka rage naka ne. Masu shirya kwas sun aiko da sunayen manyan otal-otal na kusa da tashar jirgin ƙasa. Da na duba kuɗin kwana ɗaya na lissafa shi da naira, sai na ga ya isa kuɗin makarantar yara biyu na zango guda. Na shiga intanet na nemi mai araha, na samu wani a unguwar Mastuget ta bakin ruwa, a kan kurona ɗari bakwai kowane dare, wato kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin waɗancan. Maiɗakina ta ce mini araha ba ta ado. Na ce da ita ba ado ya kai ni ba.

Jirginmu ya sauka a filin Landbeta, daga nan bas ta kai ni tsakiyar gari cikin kamar rabin sa'a, na hau taragon lantarki mai bin tsakiyar titi har unguwar. Ƙarfe biyar na yamma ne, amma duhu ya yi kamar bayan Isha, ga yayyafi ga iska mai shiga ƙashi. Na isa ƙofar masauki, ba maigadi, ba akawu, ba yaron da zai karɓi jaka. Tun da safe sun aiko mini da wasu lambobi ta waya. Na danna su a jikin ƙofa ta buɗe, na tarar da wani akwati a bango, na sake danna lambobi, katin buɗe ɗaki ya fito da lambar ɗakina a jiki. Na yi sallama har sau biyu saboda sabo, ba wanda ya amsa.

Ɗakin taku huɗu ne a tsawo, uku a faɗi, bai kai shagon tela na bakin kasuwa ba. Gado na mutum ɗaya, tebur ɗan ƙarami, kujera, ƙugiyoyi uku na rataye riga, da taga mai gilashi ninki-ninki. Akwai ma ɗakunan da suka fi nawa araha, waɗanda ba su da taga ko kaɗan, kuma an faɗi haka ƙarara tun wajen biya, ba a ɓoye ba. Banɗaki da makewayi na tarayya ne, a ƙarshen baranda. Amma jama'a, zanin gadon nan fari ne fat, ba tabo, ba wari, ba kuɗin cizo. Ruwan zafi bai yanke ba ko sau ɗaya cikin kwana tara. Ruwan famfo shi ne na sha, ba wanda ke sayen na leda. Ɗumin ɗaki kuwa, daga baya na ji cewa ruwan zafi ne ake turowa ta bututu a ƙarƙashin ƙasa zuwa gidajen birni, kuma akasarin zafin daga matatun mai da wurin ƙona sharar gari yake fitowa. Wato bolar da muke rasa yadda za mu yi da ita, su da ita suke jin ɗumi.

Na zauna na yi tunanin inda arahar ta fito, tunda aikin lissafin kuɗin gwamnati ya koya mini cewa kowace araha akwai wanda ya biya ta. Sai na ga sun rage abu biyu ne, fili da ma'aikata. A ƙasarsu ladan ma'aikaci shi ne abu mafi tsada, saboda haka mutum biyu kawai na taɓa gani, wata mata mai zuwa da hantsi ta wanke banɗakuna da madafa, da wani saurayi mai zama a tebur na 'yan sa'o'i da safe. Sauran aikin baƙo ne yake yi wa kansa. Akwai madafa ta kowa da kowa, ka dafa abinka ka wanke tukunya ka mayar. Abin da ka ajiye a firji ka rubuta sunanka da ranar tafiyarka a jiki. Ƙarfe goma na dare a yi shiru. Abin da ba su rage ba shi ne tsabta da cika alkawari. Kuɗin da na gani a rubuce shi na biya, ba a ce mini ga kuɗin janareta ba, ba a ce ɗakin da na kama an ba wani babban mutum ba. Irin wannan masauki yana da tarihi a wurinsu. Ƙungiyar matafiya ta ƙasar, wadda aka kafa a 1885, ta buɗe masaukinta na farko na masu ƙaramin ƙarfi a 1933, kuma a irin waɗannan har yau baƙo yakan zo da zanin gadonsa ko ya yi haya, ya share ɗaki kafin ya tafi.

Bari in ɗan ratse saboda waɗanda Allah zai nufa da irin wannan tafiya. Ku tafi da katin banki mai aiki a waje, domin masaukin nan ba ya karɓar tsabar kuɗi, taragon lantarki ma haka, har wasu masu shayi. Buta babu, sai ka ajiye gorar roba. Kada wanda ya ɗauki kilishi ko man shanu, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga waje, za a karɓe a filin jirgi. Dabino an yarda da shi. Mutanen Aliero kuma a yi haƙuri, ɗanyar albasa sai da takardar shaidar lafiyar tsiro. A wajen karin kumallo a lura da kalmomi uku, fläsk da gris da skinka, duka naman alade suke nufi. Akwai ƙwai da burodi da cuku da kifi, akwai kuma wata madara mai tsami da suke kira filmjölk, wadda ba ta da maraba da nonon da Fulani ke kawowa kasuwa, sai dai ba fura. Salla kuwa sai mutum ya sa ido. A watan da na je, rana tana fitowa wajen ƙarfe takwas, Azahar sha biyu, La'asar kafin ƙarfe biyu, Magariba wajen huɗu, wato salla uku suna samunka a cikin aji. Alƙibla kuma kudu maso gabas take, wanda ya ce zai fuskanci gabas irin na gida ya nufi ƙasar Rasha.

Yanzu in zo kan mutanen da na zauna da su, domin su ne suka sa na ga wannan jawabi ya cancanci a yi shi. Da yake madafa ɗaya muke haɗuwa, cikin kwana uku na san kowa da ido. Akwai magina 'yan ƙasar Folan su huɗu, masu fita tun duhu. Akwai direban babbar mota mai jiran jirgin ruwan da ke ƙetarawa Denmak, wanda tasharsa ke kusa da mu, har ana jin ƙugin tashinsa daga ɗaki. Akwai ɗalibai biyu da suka samu gurbi a jami'a amma ba su samu ɗakin haya ba tukuna. Akwai kuma wani dattijo Basomale da 'yarsa, sun zo daga wani ƙaramin gari suna jinyar matarsa a babban asibitin birnin. Ku dubi wannan jeri da kyau. Leburori, direba, ɗalibai, masu jinya. Ashe ba su ne baƙin da ke sauka a yankinmu kullum ba?

Jega mararraba ce, hanyar Sakkwato zuwa Yawuri da Kwantagora ta ratsa ta, ta wuce ta Maiyama, ga kuma wadda ta nufi Birnin Kebbi. Duk dare manyan motoci suna jere a bakin titi, direbobi da yaransu suna kwance a ƙarƙashin mota. Lokacin albasa 'yan kasuwa suna zuwa Aliero daga kudu har da ƙasashen maƙwabta, wasu a kan buhuna suke kwana. Tun da aka kafa jami'ar Aliero a 2006, iyaye suna kawo 'ya'yansu jarrabawa da rajista, mai hali ya koma Birnin Kebbi ya kwana, marar hali ya nemi barandar masallaci, in kuwa mace ce to abin ya zama tashin hankali. Ga masu karaya da ake kawowa wurin maɗoran Aliero, waɗanda sunansu ya kai nesa, mai jinya yakan yi makonni. Duk waɗannan mutane suna iya biyan wani abu, amma ba sa iya biyan kuɗin babban otal, kuma da yawansu ko an ba su kyauta ba za su shiga ƙaramin otal ba, saboda sunan da ya yi. Mu faɗi gaskiya, a wurinmu in an ce an ga wane ya fito daga otal, ba a tambayar ko barci ya je yi. Mun bar kalmar ta zama ta giya da mata, sannan mun bar baƙon kirki a waje.

Ranar Asabar da ba mu da aji, na bi wani titi a tsakiyar gari mai suna Postgatan, wanda ya miƙe daga wajen tashar jirgin ƙasa zuwa tsohon gidan kwastan na bakin ruwa. A da sunansa Sillgatan, wato titin kifi. Mutanen Suwidin ba tun asali suke da arziki ba. Sun sha yunwa mai tsanani daga 1867 zuwa 1869, kuma tsakanin 1850 da 1930 fiye da mutum miliyan 1 suka bar ƙasar zuwa Amurka, alhali a 1900 duk jama'arsu ba ta fi miliyan 5 da 'yan kai ba. Mafi yawansu ta Gotanbag suka fita, jirgi ya kai su Hul a Ingila, su hau jirgin ƙasa zuwa Libaful, daga nan su ƙetare babban teku, sai a 1915 aka fara tafiya kai tsaye. To wannan titi shi ne zangonsu. Gidajen kwana masu araha ne a jere da ofisoshin dillalan jirgi, manomi ya sauka daga ƙauye da akwatinsa, wakilin dillali ya tare shi, ya kai shi masauki, ya canja masa kuɗi, ya raka shi bakin jirgi. Akwai na kirki a cikinsu, akwai macuta, kamar ko'ina.

Ina tsaye a wurin sai na tuna da abin da kakanninmu ke faɗi game da garin nan da muke zaune. Tun bayan da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega a farkon ƙarni na 19, garin ya bunƙasa har ya zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna yada zango a nan, ana cinikin tufafi da kanwa da gishirin Foga da dawaki da shanu, har da bayi, tunda tarihi ba a yi masa kwaskwarima. Waɗannan dubban baƙi ina suke kwana? A gidan fatoma. Fatoma shi ne maigidan baƙo. Ya ba shi ɗaki, ya sa a kai masa tuwo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, in an yi ciniki bashi ya tsaya masa, in ya yi rashin lafiya ya nemo magani, in ya rasu ya yi masa sutura ya aika wa danginsa da dukiyarsa. Ba ya cewa a biya kuɗin ɗaki, ladansa yana cikin la'adar ciniki. Jarinsa kuwa sunansa ne, ranar da aka ce kayan baƙo sun ɓata a gidansa, ranar kasuwarsa ta mutu. Da wannan tsari Hausawa suka riƙe cinikin goro da shanu a Sabon Ibadan da Kumasi da sauran zangunan kurmi. Har yau da saura a karar shanu da wajen 'yan albasa, amma ga wanda ya zo da kayan sayarwa ne kawai. Uwar ɗalibi da mai jinya ba su da la'adar da za su bayar, saboda haka ba su da fatoma.

Abin da masaukin Gotanbag ya rasa ke nan. Kwana tara na yi, ba wanda ya tambaye ni na kwana lafiya a cikin masu gidan. A ɗakin da ke jikin nawa wani mutum ya kwana uku yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, ba wanda ya leƙa shi, domin a al'adarsu ƙwanƙwasa ƙofar wanda bai kira ka ba shisshigi ne. Dattijon nan Basomale ne ya dafa shayi da citta ya ce in raka shi, muka kai masa, mutumin ya karɓa yana ta mamaki. Shi dai wannan dattijo shi ya nuna mini shagon da ake sayar da naman halal, shi ya kai ni Juma'a a babban masallacin da aka buɗe a 2011 a tsibirin Hisingen, ƙetaren kogi. Da ba don shi ba da na yi zaman makaho, tunda an ce baƙo makaho ne ko da idonsa. Shi ma baƙo ne, amma shi ya zama fatomana, kyauta.

Ni dai a ganina, da za a ce in zaɓa tsakanin ɗaki mai tsabta marar maigida da maigida mai fara'a a ɗaki mai kuɗin cizo, ba zan zaɓa ba, domin ba dole ne a raba su ba. Su tsadar ma'aikata ta tilasta musu maye gurbin mutum da lambobi. Mu kuwa mutane ne muke da su a wadace, abin da ke ba mu wuya shi ne ruwa da wuta da kulawa ta yau da gobe.

A cikin wannan zaure akwai 'yan kasuwa da 'yan kwangila da Allah ya buɗa wa. Na lura duk wanda ya tashi ginin masauki a cikinmu, sai ya fara da katafaren zaure da fitilu masu lilo da talabijin a kowane ɗaki, bayan shekara biyu famfo ya daina zuba, ƙofar banɗaki ta karye, kuɗin kwana kuma ya fi ƙarfin mutanen da na lissafa. Ina ba da shawara a gwada akasin haka. Ɗakuna goma ko sha biyu ƙanana, kusa da tasha ko ƙofar jami'a, kowanne da gado da fanka da gidan sauro da wurin cajin waya. Rijiyar burtsatse da tanki, da faranti na hasken rana, tunda ranar da Suwidin ke nema ido rufe mu ita ke ƙona mu. Banɗakuna na tarayya amma a wanke su safe da yamma, zanin gado kuma a sauya shi duk baƙon da ya tashi, ko da dare ɗaya ya yi. Sashen mata da iyali daban, da ƙofarsa, da dattijuwa mai kula da shi. Wurin salla, da murhu inda mai jinya za ta dama wa majinyacinta kunu. A rubuta kuɗin kwana a bango da Hausa da boko da ajami, kowa ya biya abu ɗaya. A ajiye littafin baƙi da shaidar kowa, saboda halin tsaron da ake ciki. Kada a rubuta otal a allon ƙofa, a rubuta masauki.

Sannan a nemi wanda zai zauna a zaure, mutumin da gari ya sani, wanda in an ce baƙuwa ta sauka a gidansa mijinta zai yi barci da ido biyu rufe. Da nake wannan tunani a jirgin dawowa, fuskokin da suka zo mini su ne na iyayenmu da ke zaune a sahun gaba. Wanda ya riƙe ɗakin kwanan yara ɗari biyu na shekara ashirin, ya san wanda ya tsallake katanga tun kafin ya diro, ba na jin ɗakuna goma sha biyu za su gagare shi. Wasu daga cikinsu sun yi ritaya, da sauran ƙarfinsu, kuma kuɗin fansho kowa ya san inda yake tsayawa a wata. Ban yi shawara da su ba kafin in faɗi haka, in na yi shisshigi a gafarce ni.

Na zo da hotunan ɗakin da madafar da takardar dokokin gidan, na fassara ta da Hausa, suna wurin sakatare ga mai son gani bayan an tashi. Mai girma shugaba, na ga ana nuna mini agogo.